Amshin da Kaka Ta Jira

A gidanmu na unguwar Diguel a N'Djamena, idan aka idar da sallar magariba aka kwashe tuwo, sauran wutar murhu ta Kaka Yalwa ce. Ba ta yarda a yayyafa mata ruwa. Sai ta sa a kwaso garwashin a zuba mata a kasko, ta ɗora 'yar butar shayinta, ta zauna a kan buzu ta miƙe ƙafafu. Mahaifinmu mahauci ne, saboda haka tsakar gidan kullum ƙanshin kitse take yi, ga naman da aka shanya a igiya yana reto a kanmu. A ƙarƙashinsa muke zama, mu 'yan gida da 'ya'yan maƙwabta, kowa yana ture ɗan'uwansa don ya matsa kusa da wuta. Ni ne ƙarami, ni ne kuma ragon cikinsu, don haka wurina a cinyarta yake.

"Ku matsa wa maigidana," haka take cewa. "Miji ba cefane, ba tufafi, sai barci da zubar da miyau."

Kakanninta daga yamma suka taso da ƙafa, za su Makka. Guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Shari, suka ce bari su yi damina ɗaya su huta. Hutun nan ne har yau ba mu tashi ba. A titi Larabci muke yi da abokanmu, a lekol, wato makaranta, Faransanci, amma a gaban kaskon Kaka babu mai shiga sai da Hausa. In wani ya manta ya saki Larabci, sai ta ɗaga masa yatsa ta ce, "Koma ka ajiye wannan a ƙofar gida, tare da takalminka."

Tana da yadda take buɗe tatsuniyarta, wanda ban taɓa ji a bakin kowa ba. Sai ta dubi wuta ta ce, "Ga baƙuwa can tafe daga nesa." Mu kuma mu amsa, "Ta iso, mu ba ta ruwa." Idan muryarmu ta yi sanyi, sai ta tsuke baki ta ci gaba da fifita shayinta. Ko za mu kwana muna magiya, ba za ta ƙara kalma ba sai mun amsa yadda take so.

A cikin tatsuniyoyinta duka, ta rijiya muka fi nema. Wai akwai wata rijiya a tsakiyar dajin da ayari ke ratsawa zuwa gabas. Ba ta da guga, ba ta da igiya, kuma in ka leƙa ba ka ganin komai sai duhu. Idan ayari ya iso, madugu ne zai tsaya a bakinta ya yi mata waƙa, jama'arsa su amsa, sai ruwa ya taso da kansa har ya cika baki. Madugun yana da ɗa mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda ya haddace waƙar ubansa tsaf, har inda tsohon yake jan numfashi. Wata shekara ƙishi ya matsa wa ayarin, sai yaron ya sulale ya yi gaba shi kaɗai, don ya riga kowa sha. Ya tsaya a bakin rijiya ya rera waƙar, babu kuskure ko ɗaya. Rijiya ta yi shiru. Ya sake rerawa, ya sake, har muryarsa ta dushe. Da ayarin ya iso, a kwance suka same shi, leɓɓansa sun tsage, ruwa kuwa ko motsi bai yi ba. Sai da uban ya ja waƙa, jama'a suka amsa, sannan ruwa ya taso suka jiƙa masa maƙogwaro.

Daɗin tatsuniyar a waƙar yake, domin mu ne ayarin. Kaka takan ja baiti na farko, "Rijiyar gabas, mun zo da ƙishi." Mu ce, "Mun zo mu da yawa." Ta ja na biyu, "Rijiya ta ce, wa kuka yar a hanya?" Mu ce, "Ba mu yar da kowa ba." Sai ta sassauta murya ta ja na uku, "Rijiya ta ce, me za ku bar wa na baya?" Amshin wannan shi ne mai tayar da ruwa. Dogo ne, da sauri ake yin sa, cike da tsofaffin kalmomin da ba ma ji a kasuwa. Yayata Habi ce take jan mu, sauran mu bi bayanta muna cin rabin kalmomin. Ni dai baki kawai nake motsawa, galibi ma kafin a kai wurin barci ya kwashe ni.

Akwai ranar da Habi ta kwanta zazzaɓi, muka kai baiti na uku muka yi cirko-cirko. Yayanmu Sale ya ce, "Kaka, ki faɗa mana mana." Ta ce, "Ni in yi kira, ni in amsa? Ai na zama yaron madugu ke nan. Ni ma ba a bakin kakata na koya ba, a bakin yayyena na ji. Ku jira 'yar'uwarku ta warke." Haka muka kwanta ranar, ruwa bai taso ba. A lokacin abin da na fahimta daga tatsuniyar bai wuce kada ka yi zari, kada ka riga mutane cin abinci ba.

Shekaru suka ja. Aka daina zaman wuta, talabijin ya shigo, yaran maƙwabta suka watse, wasu unguwar Chagoua, wasu Kamaru, wasu inda ba a dawowa. Ni na zama malamin makaranta aka tura ni kudu. Ina can Sale ya kira ni a waya, shi ne ya gaji teburin naman mahaifinmu, shi ne kuma babba a gida. Ya ce wasu masu bincike daga jami'a suna zagaya unguwanni, suna ɗaukar muryoyin tsofaffi kafin su ƙare. Za su adana tatsuniyoyin a na'ura, su zuba su a ƙananan rediyoyi masu aiki da hasken rana, a raba wa makarantu, har waɗanda ba su da wutar lantarki. An nuna musu gidanmu. Wallahi na yi murna, har na kasa zama wuri ɗaya.

Mutanen kirki ne, wannan ba ni da shakka. Da farko da hantsi suka zo, Kaka ta ce ita ba ta tatsuniya da rana, ba su yi gardama ba, suka dawo bayan magariba da fitilarsu. Shugabarsu, wata mata mai ladabi, har ƙasa ta durƙusa ta gaishe ta. Abu ɗaya kawai mai riƙe da na'urar ya roƙa, a rage hayaniya don murya ta fita sosai. Mu kuwa a gidanmu, in baƙo ya roƙi abu ɗan kaɗan, ninkawa ake yi a ba shi. Sale ya sa aka share ɗakin baƙi, aka shimfiɗa darduma, aka naɗa wa Kaka mayafin sallah, aka zaunar da ita a kujera. Ya kora yaran gida kaf zuwa maƙwabta, ya ce duk wanda ya yi tari a tsakar gida zai gamu da shi. Habi kuwa, wadda a lokacin ta zama uwar 'ya'ya, aka bar ta a madafa tana soya wa baƙi nama.

Da na kira Habi daga baya, ita ta ba ni labari. Ta ce, "Ɗan'uwa, ina jin ta daga madafa tana ja. Da ta kai na uku, sai da na toshe bakina da gefen zani. Yaya Sale ya ce ko tari kada a yi, ni wace ce zan ɓata wa mutane aiki?"

Na ce, "To yi min shi yanzu in ji, Yaya Habi. Ni fa ban taɓa riƙe shi ba."

Ta yi dariya ta ce, "A waya, da rana tsaka, babu mai ja? Kai dai har yau rago ne. Kalas, shi ke nan, in ka zo hutu sai Kaka ta ja, in amsa, ka ji da kunnenka."

Kafin hutun ya zo Kaka ta rasu, cikin barcinta, lafiya lau. Damina ba ta fita ba Habi ta bi ta, wajen haihuwa. Ban san yadda zan faɗi abin da na ji ba. Na yi kukan Kaka irin na wanda ya san lokaci ya yi, amma mutuwar Habi ta karya ni, har yau ban gama miƙewa ba.

Bayan an dawo da ni N'Djamena, rediyon nan ya iso makarantarmu. Na kai shi gida na kunna. Ga muryar Kaka tar, kamar tana ɗakin. Amma waƙar a guje take tafiya, baiti yana hawa kan baiti, babu ko wurin shan iska. Na je jami'a na nemi mai na'urar. Ya karɓe ni hannu biyu, ya bayyana min cewa wajen gyara sukan yanke duk inda babu magana, don kada yara su gaji. Da na gaya masa abin da ke shiga wuraren nan, sai ya dafe kai. Ya buɗe ordinatarsa, wato kwamfuta, ya nemo min ɗaukar farko, wadda ba a taɓa ba, ya sa min abin ji a kunne.

Na ji ta ja na farko, ta ɗan dakata, ta wuce. Ta ja na biyu, ta dakata, ta wuce. Sai ta sassauta murya yadda ta saba: "Rijiya ta ce, me za ku bar wa na baya?" Ta tsaya. Ina jin numfashinta, ina jin kujerar tana ƙara, daga nesa kuma ina jin mai yana tafasa a madafa, inda Habi take. Ta jira, ta jira. Can sai ta ce a hankali, ba da muryar tatsuniya ba, "Babu kowa ne?"

Na zagaya neman amshin nan. Sale ya ce karin kawai ya riƙe, ya yi min gunguninsa yana share ido da bayan hannu. Na je Chagoua wurin wata da muka yi zaman wuta tare, ta ce ita Hausar ma ta fara kwance mata. Na tambayi tsofaffin da ke zama a rumfunan babbar kasuwa, Grand Marché, waɗanda suka zo daga Najeriya da Nijar, babu wanda ya taɓa jin tatsuniyar. Ashe ta gidanmu ce kaɗai, da ƙafa ta zo tare da mu. Wani abokin aiki ya ce in ƙirƙiro wani amshin mana, wa zai sani? Na gwada, na kasa. Duk abin da na haɗa, in na rera shi sai in ji ƙarya nake yi wa matattu.

Yanzu na gane tatsuniyar ba a kan zari take ba. Mun adana muryar Kaka tsaf, har inda take jan numfashi, kuma za ta daɗe a duniya fiye da ni da 'ya'yana. Amma rabin waƙar ba a bakinta yake ba, a bakinmu yake, mu kuwa babu wanda ya ɗauke mu abin adanawa, har mu kanmu. Ba na zargin masu binciken, ba na zargin Sale. Kowa girmama ta ya yi iyakar saninsa, kuma wannan ne ya fi ci min rai.

Abu ɗaya na roƙi masu binciken, suka kuma yi min: a mayar da shirun inda yake. Na ce a bar shi da tsawonsa, kada a rage ko kaɗan. Na koya wa ɗalibaina amshi biyu na farko, kuma suna yin su da ƙarfi, yadda Kaka take so. Idan ta ja na uku sai ajin ya yi tsit, ta jira, ta tambaya ko babu kowa. Yaran kuma su juyo gaba ɗaya su zuba min ido, domin ni ne malami.