Ranar da Muka Kai Kaka Wurin Jirgi

Jiya a ɗakin jiran likitan haƙori na ga wani ɗan jirgin ruwa na katako a kan kanta, da filafilansa da igiyoyinsa. Kowa ya wuce sai ya yaba. Ni kuwa kujera na sake, na ba shi baya. Kada ka yi mamaki, mai karatu, tun ina 'yar shekara tara na tsani irin waɗannan jiragen.

A unguwar Glenwood ta birnin Greensboro, a Amurka, muke a lokacin, cikin wani ƙaramin gidan haya na katako, Baba yana karatun digirinsa na uku, Mama tana aikin jinya. Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo ne don wankan jegon ƙanina, da alkawarin wata uku. Sai ga shi ta ga hunturu biyu. Da sanyi takan zauna jikin hita da safa biyu a ƙafa, tana kallon bishiyoyin da suka zubar da ganye. Da zafi takan fito baranda da carbinta, ɗalibai suna wucewa a kan kekuna, babu mai gaishe ta. Mu jikokin ma in ta yi mana Hausa da Turanci muke amsawa. Gida take so, ba ta kuma ɓoye ba. Kullum amsar Baba ɗaya ce: "Inna, bari in gama wannan semista." Fasfonta yana cikin jakarsa. In ta tafi, wa zai riƙe mu?

Baba mutum ne mai son jiragen ruwa na dā, shi da bai taɓa shiga ko kwalekwale ba. Wata ranar Laraba cikin bazara ya gaya mini da Turanci cewa ranar Asabar za mu je wani gidan tarihin sojan ruwa a gaɓar tekun Virginia. Na ruga da guntuwar Hausata na ce, "Kaka, Baba ya ce Asabar za mu kai ki wurin jirgi." Ban san kalmar tana da wutsiya ba, akwai na ruwa, akwai na sama. Ita kuwa jirgi ɗaya ta sani, wanda ya kawo ta.

Kwana biyu gidanmu yana ƙamshin lalle da turaren wuta. Ta wanke zannuwanta, ta shirya akwatinta, ta ba Mama ragowar daddawa da kuka, ta ba ni zobenta na azurfa. Har maƙwabciyarmu da ba sa jin yaren juna ta riƙe wa hannu tana neman gafara. Ni duk na ɗauka tsufa ne.

Tafiyar sa'a huɗu ce, ba ta runtsa ba. Da muka shiga ginin ta ga faɗinsa da sanyinsa da masu kaki a bakin ƙofa, sai ta gyara mayafi, ta nemi benci ta zauna tana jiran a kira ta. Baba ya ce ta taso.

Ba zan yi maka ƙarya ba, jiragen sun yi kyau. Kowanne yana cikin akwatin gilashi, igiyoyinsa sirara kamar zaren ɗinki, da 'yan bindigogin tagulla da ba su kai ɗan yatsana ba, da tsani, da anga, har da fitilar da ke rataye a baya. Ɗakin yana warin man goge katako. Baba ya sunkuya, hancinsa ya kusa taɓa gilashi, yana ta zuba bayani: wannan na yaƙi ne, wancan shekara uku aka yi ana sassaƙa shi. Bai dubi fuskar uwarsa ko sau ɗaya ba.

Kaka ta bi mu daga gilashi zuwa gilashi har ƙarshen zauren. Sai ta tsaya ta ce, "To ina wanda zan hau?"

Baba ya ce, "Inna, ai waɗannan na kallo ne."

Ta dube shi. Ka san uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, kuma tun da nake ban taɓa jin nasa a bakinta ba, sai dai "wancan" ko "uban yaran nan". Ranar ta kira shi da sunansa na yanka, da ƙarfi, har masu kakin suka waiwayo. Ta ce, "Wanda ya yi waɗannan ya fi ka imani. Shi itace ya kulle, kai kuwa uwarka."

Muka juyo da ita gida Greensboro. Semista ta ƙare, wata ta kama. Cikin sanyin da ya biyo baya ciwon haƙarƙari ya kwantar da ita, kuma a nan aka binne ta, nesa da kabarin mijinta da ta yi ta ambata.

Yanzu duniya ta sake. Tsofaffi suna zuwa su koma cikin wata guda, suna ganin 'yan'uwansu ta waya kowace safiya. Baba ya tsufa a babban gidansa na Pleasant Garden, kuma in baƙi suka zo yakan ba da labarin nan yana girgiza kai, wai Hausar yaran Amurka ce ta jawo, shi bai san abin da Inna ta ɗauka ba. Na yi shekaru ina ɗauke da laifin. Sai da na girma na tambayi kaina abu ɗaya: wa ya kai akwatin Kaka mota ranar tafiyar? Akwatin nan ya fi ƙarfina, ya fi ƙarfin Kaka, Mama kuma tana wurin aiki da safen nan. Ina tsaye a baranda Baba ya ɗaga shi da hannunsa, ya sa a but ɗin mota, ya rufe.