Rubutu Mai Jela

Shekara shida na yi a wani shagon buga takardu a Gidan Dare, kuma kusan duk aikina katin ɗaurin aure ne. Hannuna ya saba da rubutun nan mai lanƙwasa, wanda kowane harafi ke jan jela. Da aka rufe shagon, ƙungiyar mahauta da 'yan shanu ta ɗauke ni sakatare, gwajin wata uku. Ina son aikin nan kamar in yi kuka, don matata na da tsohon ciki.

Ofishin ɗaki ne a jikin gidan shugaban ƙungiyar, can Ƙofar Taramniya. Dattijo ne mai ƙarancin magana da yawan harara. A mako na biyu ya ce in buga takardar kiran taro guda sittin: ranar Asabar da hantsi, a zo a tsara yadda za a yashe magudanar bayan mayanka kafin damina. Ya ce kada in sa rai, mutum biyar ke zuwa irin wannan taro.

Na buɗe kwamfuta, na ga tsayayyen rubutun da tsohon sakatare ke aiki da shi, a bushe kamar sammacin kotu. Na raina shi. Na zaɓo mai jela, na jera layukan a tsakiya, na zagaye da furanni. Shugaba ya sa hannu yana amsa waya, ko kallo bai yi ba.

Na manta cewa yawancin dattawanmu allo suka yi, ba boko ba. Da fuska suke gane takarda. Tsayayyen rubutu na hukuma ne, a ninke a cusa aljihu. Mai jela kuwa biki ne, rana da lokaci kawai ake tambayar yara.

Ranar Asabar ƙofar gidan ta cika maƙil. Shadda sai ƙyalli take yi, turare ya gauraye layin, wani ma ya jawo rago gudummawa. Shugaba ya fito da tsohuwar taguwa da silifa, ya tsaya turus. Wani tsohon dillalin shanu ya kama hannunsa yana fara'a.

"Alhaji, mun ga kati munka taho. Wace cikin ɗiyan naka za a ɗaurma amre?"

Shugaba ya karɓi takardar, ya dube ta, ya dube ni. Amma dattijon bai yi asarar taro ba. Ya aika aka sayo goro, ya zaunar da su, ya kawo maganar magudana. Da manyan riguna suka amince da komai, don kowa so yake ya gudu.

Ranar Litinin na zo kwashe kayana, sai shugaba ya ce in ci gaba da mai jelar. Sau biyu muka ƙara kama su. Daga nan suka gane cewa mai jela na nufin shebur, suka daina zuwa.

Gwajina na gab da ƙarewa aka sa ranar auren ɗan shugaba na fari. Na buga kati mafi kyau a rayuwata na kai masa. Ya juya shi a hannu, ya miƙo mini.

"Malam Sakatare, wanga sun ce shebur na, wancan sun ce sammaci na. Kai kal lalata. In ƙohwar gidana ba ta cika ba, kada ka dawo."

Da ƙafa na bi gida sittin cikin zafin Sakkwato, ina bayani cewa wannan karon aure ne na gaske. Wasu sai da na rantse musu. Dillalin nan har ya tambaye ni ko ya zo da tsohuwar riga, don gudun ko-ta-kwana.

Sun zo. Washegari shugaba ya ce in buga wa kaina takardar tabbatarwa a aiki. Da rubutun sammaci na buga ta, kuma sai da ya sa tabarau ya karanta kafin ya sa hannu.