Inna Tahira Mai Yaji da Kalmar Kirezi

Inna Tahira, mutuniyar wani ƙauye a gabashin Gezawa, ba ta yi boko ba, amma akwai kalmar Turanci ɗaya da ta riƙe ba da son ranta ba: kirezi. Shekarar da mijinta ya samu taɓin hankali ta kai shi asibiti a birni, wani ma'aikaci ya nuna shi da baki ya faɗi kalmar, na kusa suka yi dariya. Ta tambayi wata mata a layi, matar ta ce mahaukaci ake nufi. Mijin ya warke ya koma gonarsa, ita kuwa kalmar ta tsaya mata a rai.

Sana'arta dakan yaji ce: barkonon gonarsu, citta, kanumfari, masoro da ƙuli-ƙuli. Ɗanta Najib, mai tuƙa a-daidaita-sahu a Ungogo, shi yake sayar wa ɗaliban da yake ɗauka.

Wata Juma'a ya zo gida yana murmushi, ya kunna mata saƙon muryar wata ɗaliba: "Wallahi yajin nan kirezi ne! Mamanka ma kirezi ce!"

Inna ta ajiye taɓarya. "Ni take zagi?"

"Inna, yabo ne fa."

"Rufe min baki. Na san kalmar nan tun kana goye."

Washegari ta yafa mayafi, ta sa ya kai ta har gidan da ɗaliban suke haya. Mai saƙon, Ramlat, ta fito ta durƙusa ta gaishe ta. Da ta ji abin da ya kawo ta, sai ta dafe ƙirji.

"Ki yi haƙuri, Inna. Gaskiyarki, asalinta hauka ne. Amma mu in abu ya yi daɗi ya wuce misali, ita muke faɗa. Haka in kaya sun yi tsada, ko motoci sun cunkushe a titi. In kuma aka ce wane yana kirezi a kan abu, to son abin ne ya yi masa yawa."

Inna ta ce, "Wato kamar a ce miya ta yi daɗi kamar hauka?"

"Yauwa, Inna!"

"To ku riƙa faɗa wa yaji, ba zai ji haushi ba. Mutum kuwa, da mai lafiya da marar lafiya, ku kira shi da sunansa."

Ramlat ta ce ta ɗauka. Kafin su gama magana 'yan mata sun cika tsakar gidan, kowa da robarta, ana ta leƙen mai yajin da suke jin labarinta. Jakar yajin da Najib ya zo da ita ta ƙare tas, wata har ta roƙi a sayar mata da burbushin.

Daga ɗalibai abin ya kai ga masu shaguna da masu tsire. Bana Inna ta sayi injin niƙa, matan maƙwabta ke tsince mata barkono. Ranar kasuwar Gezawa motocin birni a ƙofar gidanta suke tsayawa, direbobi suna atishawa suna lodin kaya.