Kunnen Karsanar Surukina

Turancin da na mallaka duk duniya bai cika ƙoƙo ba. A Tambuwal na tsinto shi, wata uku ina ɗaukar wa wani Bature akwati. Amma da na koma Kebbe sai na riƙa zuba shi a kasuwa, har wasu suka ɗauka da Gwamna nake hira. Bakina ne ya ja mini.

Shekarar da Baturen shanu ya zo allurar bushiya, cutar nan mai kashe shanu, malaminsa mai yi masa tafinta ya kwanta da zazzaɓi, aka ce a kira ni. Na zo ina baza riga.

Bature ya ce a ware masa duk wani "kaf". Wannan kam na san ta, maraƙi ke nan. Na shaida wa jama'a, hankalina kwance, don a garkenmu akwai wata jar karsana da surukina na Jabo ya ba ni kiwo. A wajenmu, in an ba ka saniya amana, nono naka ne, ɗan fari ma naka ne, amma ita yadda ta zo haka za ta koma. Musamman kunne, don nan shaidar gidansu take, tsaga biyu tun ta kakanni. Masu allura kuwa duk wadda suka soka sai sun gutsure mata kunne. Na ce ina ruwan karsana da layin maruƙa? Ta bar nono tun bara, har bijimai sun fara bin ta.

Bature ya ratsa garke, ya tsaya a kanta. "Kaf."

"No kaf, Masta!" na ce. "Bik! Bik!" Wai babba ce.

Ya kama hancinta, ya buɗe baki, ya nuna mini haƙoran nono. Ashe a aikinsa, duk wadda ba ta sake haƙori ba kaf ce, ko ta kai raƙumi. Mu muna duba yaye, shi yana duba baki. Na laluba kaina ina neman yadda ake cewa suruki, ko amana, ko shaidar gida. Wayam! Abin da ke ciki bai wuce na ɗauko da ajiye ba. Sai bayan shekaru malamin nan ya gaya mini wai suna da sunan karsana daban, "hefa". Ina amfaninta a lokacin?

Wani tsohon makiyayi ya ɗaga murya daga baya: "Kai mai Turanci, gaya mishi mana! Ko ya ƙare?"

Aka kwashe da dariya. Bature ya dube ni ya yi wata doguwar tambaya, ban kama ko ɗaya ba. Bakina, don ya saba, ya ce, "Yas sa." Wuƙa ta bi ta tsakiyar tsaga biyun nan ta kwashe su.

Kwana uku ina shawara da kaina, sannan na ja ta zuwa Jabo. Na durƙusa na gaida surukina. Ya daɗe riƙe da kunnen yana juya shi.

"An ce kai ka yi tafinta."

"Ni na, Baba. Wallahi na yi mishi bayani."

"Mi ka ce mishi?"

Na kafa wa ƙasa ido.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya kwance igiyata daga wuyanta, ya naɗe ta tsaf ya miƙo mini, ya kora karsanarsa cikin garke. Na kamo hanyar Kebbe da igiya a kafaɗa, ba nono, ba ɗan fari.