Sunan da Barakatu Ba Ta Kira Ba

Duk wanda ya saba bin motar Tudun Wada ya san Barakatu mai nono, in bai san sunanta ba to ya san halinta. Doguwa ce siririya, kullum tana gindin dalbejiyar bakin tasha da ƙwaryarta. Nononta mai kyau ne, ba ta tsuga masa ruwa, amma ba don shi ake zancenta ba. Mota na tsayawa sai ta bar ƙwarya a buɗe, ƙuda ya sha rabonsa, ta leƙa ta taga tana neman mai goyo. Kafin ka ce kwabo ta kai bayan hannu ta taɓa wuyan ɗan mutane. Direbobi suna ce mata Likitar Tasha, 'yan kamasho kuwa cewa suke taɓin hankali ne. Ƙarya suke yi, wallahi. Hankalinta garau yake, abin da ya same ta ne ba su sani ba.

A wata ruga kusa da Bebeji aka haife ta. Da ta isa aure aka kai ta gidan Surajo, ɗan'uwanta, can gefen dajin Falgore inda suke kiwo suna noman masara. Shekara na zagayowa ta haifi namiji, aka raɗa masa Mujitaba. To, ɗan fari ne, kuma kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a gidan da ake ji da kunya. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta ɗauko zancensa a gaban suruki. "Yaron nan" take ce masa. Shi kuwa da ya fara haɗa baki sai ya riƙa ce mata Adda, don kuwa haka yake jin ƙannen mijinta suna kiranta. Son da take yi masa Allah kaɗai ya san iyakarsa. In ta tabbatar ba kowa a bukka sai ta rungume shi tana shinshinar kansa, ta ji motsi ta ture shi gefe ta haɗe rai.

Da ya kusa shekara biyu aka ce lokacin yaye ya yi, a kai shi wurin kakarsa Dije, mahaifiyar Barakatu, a Bebeji. Damina ce, masara ta yi goyo, sauro kamar a ɗeba da kwano. Ranar tafiya suka fito da sassafe, ita da Surajo, sai ga Baffa Sale, mahaifin Surajo, ya ce zai bi su, yana da gaisuwar mutuwa a Kiru, zai sauka a Kwanar Dangora. Suka taka ƙafa cikin raɓa har bakin titi. Tun a nan ta ji goyon da ke bayanta ya yi ɗumi fiye da kullum, ta ce a ranta wataƙila tafiya ce.

Suka sami wata tsohuwar mota, aka cusa su huɗu a baya har da wani fasinja, Baffa Sale a gefenta, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ta juyo da goyon kan cinya ta lulluɓe shi da mayafi. Yaron da ba ya ganin saniya bai nuna ta da yatsa yana ihu ba, aka wuce garke biyu bai ɗaga kai ba. Zafin jikinsa ya ratsa zani ya kai mata har ciki. Ta miƙa ƙafa ta taɓa ta Surajo. Ya dube ta, ya dubi yaron, ya saci kallon ubansa, sai ya mai da fuska taga. Shi ma ɗan farinsa ne, shi ma kunyar ce ta ɗaure masa baki.

A Tudun Wada direba ya tsaya neman fasinja, ya yi wajen rabin awa. Ga kemis nan a tsallaken titi, ƙofa a buɗe, tana ganin mai shagon yana hamma. Taku ashirin bai cika ba. Baffa Sale ya sayi ƙosai, ya ɗaga gefen mayafin da fara'arsa ta kaka da jika.

"Ina abokin nawa? Yau an ƙi ni ke nan? Ko barci yake yi, Barakatu?"

Kai, wannan tambaya! Ga ƙofa an buɗe mata. Kalma huɗu ta isa: ba shi da lafiya. Ta ji su a kan harshenta. Amma ta yaya za ta dubi surukinta ta nuna masa ta damu da ɗan fari, gobe a ce 'yar gidan Dije ba ta da ta-ido? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Eh, Baffa, barci yake." Tsohon ya ce a bar shi ya huta, ya ƙulle masa ƙosansa a leda. Ta ƙudura a ranta, da ya sauka a Kwanar Dangora za ta yi magana.

Ba su kai ba. Ana cikin gudu yaron ya buɗe ido ya ce "Adda" sau ɗaya, sai jikinsa ya sandare ya kama jijjiga, ido ya kakkafe. Wata mata a kujerar gaba ce ta waigo ta saka salati. Direba ya take mota, aka sauke su a wani ɗan asibiti da ke kusa da kwanar. Ma'aikaciyar ta taɓa shi ta ce, "Haba baiwar Allah, tun yaushe jikinsa yake haka?" Aka yi allura, aka ɗaura ruwa. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Haka suka ƙarasa Bebeji. Dije ta dama kunun yaye tana jiran jika, gawarsa aka miƙa mata. Abin da ya fi ƙona ran Barakatu har yau shi ne yabon da aka yi mata a zaman makoki. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, don shi ma ba a yi wa ɗan fari. Mata suna shiga suna fita suna cewa, "Kai, yarinyar nan akwai kunya, Allah ya yi mata albarka." Ita kuwa ji take kamar ta fasa ihu ta kore su duka.

Ranar uku Baffa Sale ya kira ta bayan bukka. Ya tambaye ta, "Da na ce ko barci yake, kin sani?"

"Na sani, Baffa."

"Me ya hana ki faɗa mini, 'yar nan?"

"Kunya."

Dattijo ya cire malafa ya rufe fuska da ita. Da ya sauke ta cewa ya yi, "Mu muka koya muku." Bai ƙara cin ƙosai ba har ya koma ga Allah.

Kowa ya ce mata kwana ne ya ƙare, ta kuma yarda, ba ta ja da ikon Allah. Amma ta ce kwana daban, shirun da ta yi daban, kada a haɗa mata su. Ta haifi biyar bayansa, kowanne sunansa take kira gatsal, har ana gulmar ta zubar da fulaku, kunyar nan ta Fulani. Da fashi ya yi yawa a dajin suka dawo kusa da Tudun Wada, ta kuwa zaɓi gindin dalbejiyar nan da ke kallon kemis ɗin, ba a san dalili ba sai ita.

Kwanan baya wata mota ta tsaya, da wata yarinya a ciki da goyo, tsohuwa a gefenta. Barakatu ta taɓa wuyan yaron ta ji zafi rau. Ta ce, "Ke 'yar nan, ya sunansa?" Yarinya ta sunne kai tana murmushi, tsohuwar ta ce ai ɗan fari ne. Barakatu ta finciko ƙofar mota. "Ɗan fari ba mutum ba ne? Sauko, ga kemis can, mota ba za ta tashi ba sai kin dawo, in ta tashi a bi ta kaina." Direba ya san hali, ya kashe mota.

Da suka dawo da magani, yarinyar ta tsaya a gaban ƙwarya, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Imran ne sunansa. Inna, ke ya sunan naki na farin?"

"Mujitaba," in ji Barakatu, da ƙarfi har 'yan kamasho suka waigo. Ta goge ido da bakin mayafi ta ja faifai ta rufe nononta. "Mujitaba. Shekara ashirin da biyu ke nan ina faɗa, amma shi bai taɓa ji daga bakina ba."