Kwanon Maganin Inna

Salamu alaikum mutanena. Wata biyu shiru, har wasu na tambaya a inbos ko aure na yi a ɓoye. Wallahi ba aure ba ne, gadon asibiti ne. Sai yau na samu ƙarfin rubutu.

Bari in fara da kwanon.

A gidanmu, can bayan Roni, akwai wani kwanon silba mai murfi a kan kabad ɗin mahaifiyata, Inna. Duk wanda ya sha magani ya ji sauƙi, ragowar a nan ake zubawa, don Inna ba ta zubar da abin da aka saya. Ni ce kuma likitar gidan, tunda na ɗan taɓa sakandare, ga waya a hannu. Kowa ya ce kansa ko cikinsa, sai in tsamo masa kafso ja da yalo guda biyu.

Da zazzaɓi ya kama ni farkon damina, haka na yi wa kaina. Kwana biyu ina sha, zafin ya sauka, na daina. Bayan sati ya dawo. Na sake. Sau uku fa.

Na huɗun bai sauka ba. Cikina kamar ana murɗa wanki, ko kunu ba ya zama. Yaya Sale, wana, ya ɗaure ni a bayansa da zani, ya tuƙa mashin har asibitin Kazaure, Inna ta biyo mu.

Likitar mace ce. Ta tambayi me na sha, sai Inna ta kwance bakin mayafi ta miƙa kwanon, har da ɗan alfaharinta. Likita ta buɗe ta duba. Wasu magungunan sun shekara da lalacewa. Ta ɗago wata ƙatuwar ƙwaya, Inna ta yi sauri ta ce wannan ta akuya ce, ba mu taɓa ta ba.

Aka sa min ƙarin ruwa da allura, aka ɗebi jinina aka ce za a shuka shi a ɗakin gwaji, a ga wace ƙwayar cuta za ta tsiro. Kwana uku ana jira.

Kwana ukun nan ba zan manta ba. Kullum da safe likita sai ta danna cikina. Ta ce idan ya yi tauri kamar katako, hanji ya huje ke nan, sai Kano, sai tiyata. Da ta juya baya ni ma sai in hau dannawa ina kuka. Wayata ma tsoronta nake, don duk abin da na bincika mutuwa yake nuna min.

Sakamako ya fito, taifot ce. Kuma kafson da nake sha ko gezau ba ya sa ƙwayoyin cutar su yi.

Ta ce min, "Ƙanwata, jikinki na da sojojinsa, zazzaɓin nan ma faɗan suke yi. Maganin kirki taya su yake. Ke kuwa kina kashe ragwayen ƙwayoyin ki tsaya, ƙarfafan su hayayyafa."

Yaran gidanmu da na yi ta ba wa biyu-biyu kawai nake tunawa.

Aka canja allura. Rana ta biyar na yi gumi sharkaf, na ce ina son tuwo. Likita ta danna cikin, ya lotsa, ta yi murmushi. Inna ta fita waje ta yi sujada.

Aka sallame ni da wasu ƙwayoyin magani in ƙarasa a gida. Da na fara zagaya tsakar gida, Inna ta matso a hankali ta ce tunda na warware, a ajiye sauran saboda wata rana.

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, wannan karon har ta ƙarshe."

Na gode wa Allah, na gode wa likitar nan da nas-nas, da Yaya Sale, da ku masu addu'a. Don Allah zazzaɓi ya wuce kwana biyu ku je a gwada. Ku tafasa ruwan sha, ku wanke hannu da sabulu. Maganin da aka rubuta muku ku shanye, kada ku ba kowa.

Kwanon yana nan a kan kabad. Daddawa ce a ciki yanzu. Ina buɗewa kullum in duba.