Albasar Yayana da Ranar Harbi a Bawku

Yayana mai fenti ne. Shagonsa na kusa da tashar mota a Bawku, inda yake rubuta alluna wa masu aski da masu sayar da abinci. In aiki ya yi sauƙi sai ya jera albasa uku da buta da goro cikin ganye a kan tebur, ya zana su a falanki. Ni a lokacin ina koyar da yara, in na tashi nakan biya ta wurinsa.

Da farko dariya nake masa. Wa zai zauna yana kallon albasa? Ya ce, "Ke dai dubi ɓawonta, inda haske ya faɗa." Na duba. Ɓawon ya ɗan tsage, ja da ruwan zinariya, har na ji kamar zai yi ƙara in na taɓa.

Wata ranar kasuwa da la'asar ina shagon muka ji harbi. Garin ya saba da rikici, amma wannan a ƙofarmu ne. Mutane a kan babura, fuska a rufe. Wani tsoho mai kankana da ke zama gaban shagon ya miƙe zai gudu, harsashi ya same shi a wuya. Ya faɗa kan tirensa. Yaya ya tura ni ƙarƙashin tebur, shi kuwa ya fita zai jawo tsohon. Ɗaya daga cikin masu baburan ya sauko ya buge Yaya da gindin bindiga, ya taka hannunsa na dama a kan dakali, ya yi ta duka. Ina jin ƙasusuwan suna karyewa. Suka watsa fetur a allunan, suka cinna wuta. Na jawo shi cikin shagon, ta taga ta baya muka fita, rigata tana hayaƙi.

Muka koma Yendi wurin gwaggonmu. Yatsunsa biyu ba su sake lanƙwasuwa ba. Da ya warke sai ya tafi Salaga yana taya wani dillalin doya lodi, ban ƙara jin zancen fenti ba.

Da na kai masa ziyara na tarar da falankai jingine a bangon ɗakinsa. Da hagu yake fenti yanzu, da wuƙa maimakon buroshi. Ja da baƙi da kore, an yanka su an watsar, ba tebur, ba inuwa, ba abin da ke zaune a wurinsa.

Na ce, "Yaya, wannan fa mene ne?"

Ya ce, "Abin da na gani ne."

"Na fi son irin na da."

"Ni ma. Na jera kaya, na gwada. Ba sa tsayawa."

Na zauna a tabarma na daɗe ina kallon ɗaya. Can sai na ji kamar ina ƙarƙashin teburin nan ranar harbi, duk da ban gane ko siffa ɗaya a ciki ba. Na roƙe shi ya ba ni.

A Yendi gwaggo ta kalle shi sau ɗaya ta ce kada in rataya shi inda take salla. Na kai shi ɗakina. Baƙi kan tambaye ni ko yara ne suka ɓata falankin, ni kuwa sai in ce musu su zauna tukuna su duba.